Madubin da Ba Ya Ganin Wata

Baudeta, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga jikata Mansura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikinki da sanyin ƙasar Faransa. Ni ina nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Gero ya shiga rumbu, bana ba laifi, dawa ce kawai ta ɗan ƙi.

Takardarki ta iso ran Litinin. Mati mai kabu-kabu ne ya ɗauko ta daga gidan waya na Tasawa, ya miƙo mani, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malamin boko a nan, yana cewa, "Mushe, ashe da sauran masu rubuto maka." Na ce da saura, amaryata ce ta tuna da tsohon mijinta bayan shekara uku. Tun rasuwar kakarki Safi, ƙanwata, ba wanda ya sake rubuta sunana a bayan takarda. Kin kyauta da kika rubuto da hannu. Wayar salular nan kunnena ba ya kama ta, takarda kuwa ina maimaita ta yadda na so.

Sau huɗu na karanta. Kin ce kin gama karatu, yanzu ke ce kike tsara madubin wata na'urar hangen taurari wadda kumbo zai kai sama, "don a ga abin da ido ba ya iya gani". Na aje takardar na fito tsakar gida, na rasa wanda zan gaya wa sai akuya. Shekara talatin da takwas na yi ina riƙe da alli. Cikin ɗiyan manoma da na makiyaya da suka bi ta hannuna na samu likita biyu, da jandarmomi, da malaman lakwal, makarantar boko, da ban san adadinsu ba. Mai yi wa sama madubi kuwa ke kaɗai ce. Kuma a ajina na ƙarshe kika zauna, benci na biyu gefen taga, yatsunki duk alli.

Da la'asar na kai takardar gindin itacen bedi na ƙofar masallaci, inda tsofaffi ke zama, na karanta masu. Kin tuna Na Allah mai goro, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya, tun daga ranar kuma bai daina tsokanata ba? Shi ne ya ce, "To Mushe, madubin nan me zai tsinana mana? Ko gemunka za a riƙa dubawa daga sama?" Aka fashe da dariya.

Ni kuwa sai bara ta faɗo mani. Rabin gari sun ɗauki azumi ran Litinin bisa rediyon ƙetaren iyaka, rabi sai Talata bisa sanarwar Yamai. A gida ɗaya wa yana azumi, ƙane yana shan fura a gabansa. Sai na ce masu, "Cikin abin da ido ba ya gani, me ya fi wahalar da ku in ba jinjirin wata ba? To bana ba gardama. Jikata za ta duba daga can sama ta rubuto mani ranar." Na Allah ya ɓara goro ya miƙo mani rabi mai girman, abin da bai taɓa yi ba.

Saboda haka ki duba mana watan azumi, ki rubuto da wuri. Takarda mako uku take yi a hanya, azumi kuma saura wata uku da 'yan kwanaki.

Kakanki mai alfahari da ke,
Mushe Cha'ibu

*

Baudeta, 14 ga Janairu

Jikata Mansura,

Ina gaishe ki, ina gaida aiki. Ni ina nan lafiya ƙalau, sai ɗan tari na sanyi wanda kowa ma yake yi.

Yau kwana hamsin da biyar ban ji daga gare ki ba. Sau uku a mako Mati ke zuwa Tasawa. In ya dawo ba ya ma tsayawa, sai ya ɗaga mani hannu wayam ya wuce. Na zauna na auna abin da na rubuta maki. Ko kiran amarya ne ya ɓata maki rai, tun da yanzu kin girma kina cikin manya? Ko kina ganin duban wata ƙaramin aiki ne ga madubinki? In haka ne ki yi haƙuri, a nan ba ƙarami ba ne.

Maganar ta girma fiye da yadda na aje ta. Liman ya ambace ta bayan Juma'a, ya sa maki albarka da sunanki da na ubanki. Wani tsohon ɗalibina ya zo a babur tun daga garin Sarkin Hausa don ya ji daga bakina. Ishaƙu Bafillace, wanda kowace shekara shi ke fara ganin wata daga rugarsu saboda kaifin idonsa, ya zo mani da ƙwaryar nono, ya tsuguna ya ce, "Mushe, an ce bana na huta?" Na ce ka huta.

Ba zan ɓoye maki ba, abin ya yi mani daɗi. Tun da na aje alli, mutane kan gaishe ni ne suna tafiya. Yanzu tsayawa suke yi. Gida uku ke aiko mani da tuwo, har ina ba akuya saura. A gindin bedi an matsa mani wuri kan tabarmar liman.

Sai dai Na Allah ya fara ƙirga. Kullum in na zauna sai ya ce, "Saura arba'in da shida, Mushe. Ko madubin ya faɗi ya fashe?" Ina ce masa mai aikin sama ba ta da lokacin masu goro. In na dawo gida kuwa, ni ma ƙirgar nake yi.

A garin nan ba a taɓa kama ni da maganar da ba haka take ba. Ita ce kaɗai dukiyar da na tara. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Kakanki,
Cha'ibu

*

Tulus, 5 ga Fabrairu

Kakana, Mushena,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan tarin ya sake ka. Kuma ni amaryarka ce har gobe, kada ka sake cewa kiran ya ɓata mani rai.

Ka gafarce ni. Wata biyu na yi a Jamus wurin gwaji, jiya na dawo na tarar da takardunka biyu a akwati. Da na karanta sai da na zauna a ƙasa. Wannan zan ba wata abokiyar aikina mai zuwa Yamai, ta sa a motar Tasawa don ta yi sauri.

Kaka, madubina ba ya ganin wata. Laifina ne da ban yi bayani ba. Bai ma tashi ba tukuna, sai nan da shekara takwas in Allah ya yarda. Ko ya tashi, jinjirin wata kusa da rana yake fitowa, na'urar kuma ba a juya ta wajen rana, lalacewa za ta yi.

Abin da na ce ido ba ya gani wani haske ne, ɗan'uwan wanda likita ke ɗaukar hoton ƙirji da shi, hasken X, amma mai ƙarfin cikinsa. Yana fitowa daga wuraren da suka fi ko'ina zafi a sama: tauraron da ya fashe, ko bakin abin da muke kira baƙin rami, wanda ke haɗiye duk abin da ya matso shi. Iskar duniya tana tare wannan haske, shi ya sa dole a fita samanta.

Wahalarsa ita ce yana huda abu. In ya bugi madubi gaba da gaba, shigewa yake yi, ba ya dawowa. Ka tuna ranar da ka kai mu bakin tabki ka jefa tsingaro? Da ka jefa daga sama ya nutse, da ka kwantar da hannu ya yi ta tsalle bisa ruwa. Haka hasken nan yake, sai ya shafi madubin a kwance. Karkatar ba ta kai taku ɗaya cikin taku ɗari ba. Don haka madubinmu ba faifai ba ne. Kamar ganga yake wadda ba fata, hasken ya shiga ta baki ɗaya, ya shafi cikinta sau biyu, ya je ya taru a wuri guda can nesa, mita goma sha biyu. Ganga ɗaya kaɗan take kamawa, sai mu jera ɗari da ashirin, wata cikin wata, kamar ka yanka albasa ta tsakiya. Kowace gilashi ce da ba ta kai farce kauri ba. A kanta muke shafa ƙarfe mai nauyi da wani abu marar nauyi, bi da bi, hawa fiye da ɗari biyu, kowane hawa ya fi silin gashi siranta sau dubu goma. Aikina shi ne lissafin kaurin kowane hawa da tazarar kowace ganga, yadda za su kama haske da yawa, ba su yi wa kumbo nauyi ba, kuma girgizar tashi ba ta fasa su ba.

A Jamus mun sa su cikin wani bututu mai tsawon fiye da mita ɗari, wanda aka zuƙe wa iska. Ganga tara na cikin ciki suka ƙi tara hasken. Mako uku muna nema. Ashe a lissafina ne: shafen da na ba su yana jan gilashin yana lanƙwasa shi. Ni na fara ganowa, ni kaɗai, kuma da na so da na gyara shiru ba wanda ya sani. Sai na tuna dokar ajinka: ba a goge kuskure, layi ɗaya ake ja masa da katakon awo da jan alƙalamin bik yadda zai karantu, a rubuta daidai a samansa. Na ja layin a littafin aikina, na tashi gaban mutum ashirin na ce ni ce. Babbanmu ya tambaye ni ina na koyi haka. Na ce Baudeta, benci na biyu gefen taga.

Kaka, na san abin da takardar nan za ta jawo maka, kuma ya dame ni. Amma don Allah kada a ɗauki azumi da sunana.

Wane irin tari ne wannan da ka ambata? Ka je likita?

Jikarka,
Mansura

*

Baudeta, 5 ga Maris, biyar ga azumi

Jikata Mansura,

Barka da shan ruwa, da fatan kina lafiya. Ni ina nan lafiya ƙalau.

Takardarki ta iso ran Litinin, saura kwana goma sha biyu. Mati ya shigo da ita yana ta hon tun daga bakin kasuwa, don haka kafin in buɗe ta gari ya ji. Na karanta, na sa ta ƙarƙashin tabarma. Kwana huɗu ban je gindin bedi ba. Na yi fushi da ke, sannan da gidan waya, sannan na rasa wanda zan yi fushi da shi sai mai gemun nan.

Bari in gaya maki abin da ya zo mani a rai, don ki san kakanki. A bangon ɗakina akwai kalandar Turawa mai nuna ranar haihuwar wata. Na iya lissafin. Da na fita na ce Mansura ta ce Asabar, da an ɗauka, kuma da ya yi daidai. Ba mai karanta takardar nan sai ni. Har na sa hula. Sai na zauna na sake karanta wurin gangunanki tara, na cire hular.

Ran Juma'a na sa farar rigata ta rabon sakamako, na zuba albasa ɗaya da wuƙa da tsingaro a aljihu. Da aka sallame na roƙi liman izini, na dafa sanda na miƙe. Na ce, "Jama'a, Mushe ya yi kuskure." Haka nake cewa a aji in na ɓata lissafi a allo. Sai na ji wasu masu furfura a sahun baya sun amsa da baki ɗaya, "A ja layi, Mushe!" Ɗalibaina ne na da. Ban san suna tune ba.

Na ce madubin jikata ba ya ganin wata, ba ita ta ce yana gani ba, ni na ɗora mata don ina son a tsaya a gaishe ni. Na ce kowa ya nemi wata yadda aka saba.

Na Allah ya ce, "To madubin na mene ne, in ba ya ganin wata?"

Na yanka albasar na ɗaga. Na yi masu bayanin ganga ɗari da ashirin, da hasken da ke huda ƙirji, da iskar da ke tare shi. Na fito da tsingaron na ce, wa ya taɓa jefa wannan bisa tabki? Mansura, ki zo ki ga tsofaffi. Liman ya ce shi biyar yake yi. Wani ya ce bakwai. Na Allah ya rantse tara yake yi yana yaro, aka ce ƙarya ne, tabkin ma bai kai faɗin tsalle tara ba. Da ƙyar na kwantar da su, na ce to wannan kwantar da hannun shi ne aikin jikata, sai dai ita ba ta kuskure taku ɗaya cikin ɗari, in kuma ta kuskure tashi take yi ta faɗa gaban mutum ashirin.

Na Allah ya ce, "Wato madubi ne da ba ya nuna fuska, ba ya ganin wata, sai leƙen rami. Yaushe zai tashi?" Na ce nan da shekara takwas. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Mushe, ni da kai muna ina a lokacin?" Na ce muna inda Allah ya aje mu, madubin dai zai tashi, kuma hannun 'yar Baudeta ne a cikinsa. Ya karɓi rabin albasar ya daɗe yana ƙirga zobbanta, ya sa a aljihu.

Ishaƙu Bafillace ya matso ya ce, "Ke nan in koma bakin aikina?" Na ce ka koma, ka yafe mani nononka. Bayan mako ɗaya shi ya ga watan daga rugarsu, shi da mutum biyu, sanarwar Yamai ma ta zo daidai. Bana gari ɗaya muka ɗauka.

Ba kowa ya yafe ba. Wani ya ce boko ke nan, yau fari gobe baƙi. Cikin gida uku masu aiko tuwo, ɗaya ya rage. An mayar da ni wurin zamana na da a gefen tabarma. Amma direktan lakwal ya aiko in zo bayan salla in yi wa 'yan babban aji darasin albasa. Shekara ashirin da biyu rabona da alli. Ina ta shiri, ki aiko mani da sunayen ƙarfen da kuke shafawa, kada in sake faɗin abin da ba haka ba.

Saura gyara ɗaya. Ki koma kan takardar nan, za ki ga jan layi a kan "lafiya ƙalau". Ba bik ne ya zame ba, da katako na ja shi. Sau uku ina rubuta maki haka. A watan Disamba Mati ya kai ni likita a Tasawa, aka ɗauki hoton ƙirjina. Likitan ya ɗaga shi wajen taga ya nuna mani wata inuwa a hagu, ya ce in je Maraɗi a ƙara dubawa. Ban je ba. Na ji tsoro, kuma ba ni da wanda zai zauna kusa da ni a bencin jira. Ashe hasken naki ya riga ya leƙa cikina tun kafin in san naki ne.

Ban ce ki bar gangunanki ba. Sai dai tabki yana cika a Agusta, ni da Na Allah mun yi alkawarin jifa, kuma muna neman mai ƙirga da ba ta ƙari.

Kakanki,
Mushe Cha'ibu

*

Tulus, 24 ga Maris

Kakana,

Barka da shan ruwa. Ba zan tambaye ka lafiya ba, ka riga ka ba ni amsa, na gode.

Ba Agusta ba. Na ɗauki hutun mako uku, kwana huɗu bayan salla ina tashar Tasawa. Na samu lambar Mati, mun yi magana, zai nemo mana mota har Maraɗi. In na riga takardar nan isowa, shi zai gaya maka ranar. Ni zan zauna kusa da kai a bencin. Ka nemo hoton ƙirjin ka aje shi kusa, kada ka ce akuya ta cinye. Agusta kuma zan dawo ƙirga, ka gaya wa Na Allah ko takwas da rabi ya yi, takwas zan rubuta.

Ƙarfen sunansa tungsten, marar nauyin silisiyom. Zan zo maka da guntun gilashi daga gangunan nan tara, tun da ba za su tashi ba, ka ɗaga wa yara su gani. Sababbin da muka yi bisa gyararren lissafi sun tara hasken. Darasin kuwa kai za ka yi, ni benci na biyu zan zauna in an bar ni.

Na liƙa takardarka a littafin aikina, a shafin da ke fuskantar nawa kuskuren. Jiya babbanmu ya gani ya tambaya, na fassara masa duka, har da albasar. Ya daɗe yana duban layukan biyu, sannan ya ce mai shekara tamanin ɗin ya fi ni miƙe layi.

Na auna da katako, Kaka. Gaskiyarsa ce.

Amaryarka,
Mansura